Zuwa ga Mai Sunan Baba, a Yamai

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana samun sauƙi, mu nan Tawa lafiya lau, sai ɗari da ƙura. Innarka ce ta tsare ni sai na rubuto, wai ni da kai a waya ba ma wuce "lafiya lau" da "alhamdu lillahi".

Mai ɗakinka ta gaya mata abin da kake ɓoyewa, kuma kada ka yi mata faɗa. Ta ce wata huɗu ke nan da ka tashi daga korona, amma ko benen biro ka hau sai ka tsaya a tsakiya ka dafa bango, ka ciro waya kamar saƙo kake dubawa, alhali numfashi kake jira. Ta ce ran Asabar ka ji ƙarfi ka tafi ƙwallo, Lahadi lafiya lau, Litinin ko sallar asuba a zaune ka yi ta. Da na ji haka sai na ajiye kofin shayi, don labarina ne aka ba ni da sunanka.

Ka tuna korona ta kama ni a Janairun 2021, sa'ad da ta dawo ƙasar nan karo na biyu. Kwana goma sha biyu na yi kwance, na tashi, aka yi ta barka. Ƙarshen Maris albasa ta fito, na rantse ba za a yi lodi a Galmi ina zaune gida ba. Innarka ta hana, na ce mata Ba'adare ba ya kwanciya sau biyu a ciwo ɗaya. Wuni guda na yi tsaye a rana ina ƙirga buhu, har da kama wa yara ɗauka. Na dawo ina cika baki. Washegari ba komai. Kwana biyu cif, sai na farka ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi, kaina ya yi dum. Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi a lakwal, na kasa haɗa kuɗin buhu arba'in. Sati uku ban leƙa ƙofar gida ba. Na ce maka masassara ce. Ƙarya na yi maka, ga shi ka gaje ni.

Likitan da ya duba ni ne ya warware mini. Gajiyar da muka sani tana zuwa tare da aiki, barci ya wanke ta. Wannan kuwa mai bin bashi ce mai haƙuri: ta bar ka ka ci, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ta zo ta tsaya maka a ƙofa. Saboda haka ranar da ka tashi garau ita ce ranar da za ka fi yin hattara. Abin da ka ji za ka iya, yi rabinsa, ka tsaya tun ba ka gaji ba. Ba aikin ƙarfi kaɗai take ƙirgawa ba. Zaman kwamfuta, doguwar hira a fada, ɓacin rai, tuƙin moto cikin cunkoson Yamai, duk a aljihu ɗaya suke zara. Ni kaye na ƴan lakwal na saya, kullum ina rubuta abin da na yi da yadda na kwana. Cikin wata guda na gane iyakata: zuwa masallacin unguwa da dawowa. Sai da na yi sati biyu wannan bai kayar da ni ba na ƙara zuwa bakin kasuwa. Ƙwallo dai ka jingine ta.

Za ka ji masu cewa ragwanci ne, wasu su ce jifa aka yi maka, wasu su ce ai korona ta wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a Mayun 2023, amma cuta ba ta sauraren rediyo. Hukumar ce kuma tun Oktoban 2021 ta fayyace wannan hali naka: alamomin da ake gani wajen wata uku bayan kamuwa, su kai aƙalla wata biyu, kuma ba wata cutar da za a ɗora wa laifi. Gajiya, ƙarancin numfashi da rikicewar tunani su ne kan gaba. Tana kama har samarin da ko asibiti ba su kwana ba.

Ka lura da wancan sharaɗi na ƙarshe, don a kansa nake so ka motsa. Kada ka ɗora wa korona kowane kaya. Kana Yamai, manyan asibitocin ƙasa suna kusa da kai, ba kamar ni ba. Je a auna jininka a ga ko ya ragu, a duba zazzaɓin cizon sauro, suga da hawan jini. In tari ya wuce sati biyu a gwada majina saboda tarin fuka, a ɗauki hoton ƙirji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: gaya wa likita har tsayuwar nan ta bene, har bugun zuciyar da kake ji in ka miƙe tsaye. Amma ciwon ƙirji, ko haki kana zaune, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko jini a tari, waɗannan ba a kwana da su, ko tsakar dare ne. Maganin masu talla a faranti kuwa, mai sa ka ji ƙarfin doki, shi ne zai tura ka ka ci bashin da ya fi na Galmi.

An ce har yanzu ba ka jin ƙamshi. Ni a tsakiyar albasar Galmi na tsaya hancina bai gaya mini komai ba. Da ya tashi dawowa ma a karkace ya dawo, in innarka ta soya albasa sai in ji kamar ana ƙona taya, har ta yi fushi tana zaton girkinta na raina. Wata bakwai muka sha. Abin da aka koya mini ba shi da tsada: abu huɗu masu ƙamshi, ka shinshina kowanne kamar daƙiƙa ashirin, safe da yamma, kana tuno yadda ka san shi a da. Watanni ake yi, ba kwanaki ba. Kafin nan mai ɗakinka ta riƙa duba butalin gas, kuma abincin da ya kwana hancinta ne alƙali.

Azumi ya matso. Ka tambayi likita tun yanzu, in ya ce ka sha, ka sha ka rama, Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. A wurin aiki ma ka karɓi takardar likita ka nemi rabin wuni, kunya ba ta ciyar da iyali in ka kwanta gaba ɗaya. Ni sai da shekara ta kusa zagayowa na koma daidai, wasu sun riga ni, wasu har yau suna lallaɓawa.

Jibi zan ba da saƙo a motar safe: kanumfari, citta, ɓawon lemun tsami da innarka ta shanya, da turaren kakanka da ka sani tun kana yaro. Akwai kaye sabo a ciki. Ran Juma'a bayan masallaci zan kira, ka karanto mini abin da ka rubuta. Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Allah ya ƙara sauƙi.

Mahaifinka,
daga Tawa