Amsa ga Alhajin da ya tambayi ribata a kan masu barin ƙwaya

Alhaji, bayan gaisuwa da girmamawar da shekarunka suka cancanta.

An isar mini da tambayar da ka yi a wurin walima nan Jidda, a gaban dattawan unguwa, lokacin da ka tabbata ba na wurin. Ka ce da wane dalili nake kama wa 'yan ƙwaya ɗaki ina biya musu kuɗin mota alhali ga marayu da zawarawa, kuma nawa ke shiga aljihuna. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa.

Maganar aljihun ita ta fi yi mini ciwo, domin a gabanka na girma, kuma kai ka tsaya a sahun gaba ranar jana'izar mahaifina. Ba mu taɓa karɓar riyal ɗaya daga hannun jama'a ba, saboda dokar ƙasar nan ta hana tara gudummawa ba tare da izini ba, kai kuwa ka fi mu sanin ƙofofin hukuma. Mu 'yan uwa ne ƙalilan da muke yanka daga albashinmu, kuma takardar hayar da sunana aka yi mata rajista a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, wato ranar da kuɗi ya yanke, ni mai gida zai kai ƙara. Wannan ita ce ribar tawa.

Samarin nan ba kama su aka yi ba. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ce wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, ya kuma miƙa abin da ke hannunsa, ba za a gurfanar da shi a kan shan ba. Asibitocin Irada, waɗanda muka sani da sunan Amal a da, suna kwantar da mutum su wanke masa jiki, amma wanda ya daɗe a kan ƙwayoyi irin su shabu ko kaftagon yakan yi watanni yana fama da kasala da ƙuncin rai da kwaɗayin komawa. Dole ne ya riƙa zuwa ganin likita da zaman nasiha da gwajin fitsari a kan lokaci. Na ga saurayin da ya yi wanka tun asuba, ya riƙe katin asibitinsa a bakin titi har rana ta take, ba shi da kuɗin motar haya ta Careem, wanda ya tsaya ya rage masa hanya kuwa shi ne tsohon dillalinsa.

Batun ɗakin ya fi wannan nauyi. Tun da aka fara rusau a ƙarshen 2021, aka ɗauke unguwannin Sabil da Gulail da Karantina inda mutanenmu suka yi shekaru, iyalai suka watse, haya ta tashi, gida biyu suka cushe a ɗaya. Uwar da ke da 'yan mata a ɗaki guda ba za ta karɓi ɗan da ya taɓa sayar da zinarenta ba, ban kuma ga laifinta ba. In ba mu ba shi makwanci ba, wurin abokan jiya zai kwana, a nan kuwa ba a tambayar kuɗin haya.

Game da marayu, ban san ka damu da su haka ba, kuma na yi murna. Cikin waɗanda muke ɗauka akwai masu 'ya'ya, ƙoƙarinmu kada yaran su shiga lissafinka.

Abin da ke ba ni takaici da mu Hausawan ƙasar nan shi ne mun fi tsoron a ji da mu fiye da tsoron rasa ɗa. Sai a ɓoye yaro a ce yana Riyad wurin aiki, har ranar da za a kira mu salla a kansa, sannan a yanka rago a ciyar da masu ta'aziyya da abin da zai biya masa hayar wata da watanni.

Littafin kuɗinmu yana hannun limamin masallacinku, ka je ka duba duk lokacin da ka ga dama. An kuma shaida mini akwai ɗaki a ƙasan benenka da ya daɗe a kulle tun da ka ƙara masa kuɗi. Ka faɗa mana nawa ne, muna da mutum biyu da za a sallama ƙarshen wata.

Wassalam.