Gem ɗin da ka saya, amma mabuɗinsa na hannun kamfani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan wani abu da ban cika ganin jaridunmu suna taɓawa ba: sharaɗin da wasu kamfanonin gem ke gindayawa cewa wasa ba zai buɗe ba sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai zai buga a ɗakinsa.

Hujjarsu ita ce satar fasaha, kuma ban raina ta ba. Duk wanda ya ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa ya san ɓarnar ba ƙarama ba ce. Sai dai a duba wanda bulalar take sauka a kansa. A 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da Assassin's Creed II na kwamfuta da wannan sharaɗi, da zarar sabis ya ɗauke sai wasa ya tsaya cak. Cikin makonni masu fasa manhaja suka cire makullin. Aka wayi gari wanda ya sata yana buga abinsa lafiya lau, wanda ya biya yana zaune yana jiran sabis. A 2012 kamfanin da kansa ya ce ya bar tsarin. Haka kamfanin EA na Amurka ya yi da wasan SimCity a 2013: na'urorinsa suka kasa ɗaukar jama'a, mutane suka yi kwanaki ba su iya shiga ba, aka nuna musu cewa bugawa ba intanet abu ne mai wuyar yiwuwa, shekara ta zagayo sai ga shi ya yiwu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne The Crew, wasan tseren motoci da Ubisoft ya fitar a 2014. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin ya kashe na'urorin da wasan ya dogara da su, shi ke nan, ya mutu a hannun kowa. Har wanda ya sayi faifai a shago, yana riƙe da shi a cikin kwalinsa, ba abin da zai yi da shi. Aka ce ai dama ba wasan ka saya ba, izinin bugawa ka saya. To, a wace kasuwa ake sayar wa mutum babur, bayan shekara 10 mai shago ya zo ya zare injin ya ce haya ce? Abin ya fusata mutane har wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya soma yekuwar Stop Killing Games, kuma a 2025 takardar koken da aka shigar ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1. Ba su ce kamfani ya riƙe na'urorinsa har abada ba. Cewa suka yi in zai rufe, ya bar wasan yana aiki.

In Turawa masu intanet a gida na kuka, mu fa? A Satumba 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba sabis. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mai gidan gem da ke ƙona man janareta ana so ya ƙara da kuɗin data don kawai kamfani ya tabbatar ba ɓarawo ba ne. Ba abin mamaki ba ne in ya koma wurin masu kwafi.

Kuma akwai wata hanya. Kantin GOG na intanet, wanda kamfanin CD Projekt na Poland ya kafa, yana sayar da wasanni ba makulli, The Witcher 3 ma haka ya fito a can, kuma ya yi kasuwa sosai.

Kirana ga hukumar kare masu saye, FCCPC: ta tilasta wa masu shigo da faifan gem su manna rubutu baro-baro a kan kwali, in wasan ba ya buɗewa sai da intanet, kuma in kamfani na iya kashe shi. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta soma aiki da doka mai kama da wannan a 2025, wadda ta wajabta a gaya wa mai saye cewa izini kawai yake biya wa kuɗi.

Na gode.

Wani mai karatu,
daga Gusau