Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Nemo Mana Sojojin Da Ba a Ga Gawarsu Ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya taya ka riƙon wannan amana. Na ɗauki alƙalami ne saboda wasu bayin Allah da ba su da kabari a maƙabartar sojoji ta Maimalari da ke Maiduguri, kuma idan an kira sunansu a fareti babu mai amsawa. Su ne sojojin da suka shiga daji da bindiga a kafaɗa, 'yan uwansu suka dawo babu su, har yau ba su ba labarinsu.

Na san wannan ciwon tun daga gida. Yayan kakata yana cikin samarin da aka kwasa zuwa yaƙin ƙasar Bama (Burma) a zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi gumurzu da Japanawa a dazukan Arakan. Abokan tafiyarsa sun dawo, shi bai dawo ba. Kakata ta yi fiye da shekara hamsin tana yi masa addu'a iri biyu a jere: idan yana raye Allah Ya bayyana shi, idan ya rasu Allah Ya jiƙansa. Ba ta taɓa yarda a yanke ɗaya a bar ɗaya ba har ta koma ga Mahaliccinta. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da birnin Yangon na can ƙasar Bama akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai namu a ciki. Mu a nan gida sunayen yaƙin muka riƙe, muka raɗa wa barikoki, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Mutanen da suka kwanta a can kuwa, sai a bakin tsofaffi.

Tsorona shi ne kada haka ta sake faruwa da yaran da ke yaƙi a Borno da Yobe tun 2009.

Ka tuna Metele. Ranar 18 ga Nuwamba, 2018, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka afka wa sansanin bataliya ta 157 a arewacin Borno, har kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba ya kwanta dama. Rundunar soja ta ce an kashe 23, an raunata 31. Jaridu sun ambaci adadin da ya zarce haka nesa. Ba gardamar lissafi na zo yi ba. Abin da ya dame ni, tsakanin wannan adadi da wancan akwai uwa da ke neman sunan ɗanta, ba ta gan shi cikin matattu ba, ba ta gan shi a gadon asibiti ba. Haka kuma jirgin yaƙin nan samfurin Alpha Jet da ya ɓace ranar 31 ga Maris, 2021, ɗauke da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. Sai da aka yi kusan shekara guda kafin dakaru su ci karo da tarkacensa a dajin Sambisa. Waɗannan hafsoshi ne, an ji sunansu a rediyo. Kurtun da ya ɓace a wani kwanton ɓauna a gaɓar Tafkin Chadi fa, wa ya ji nasa?

Ranka ya daɗe, ɓatan mutum ya fi mutuwarsa ciwo, kuma mata ne suka fi ɗanɗana shi. Idan soja ya rasu aka kawo gawa, za a yi masa sutura, a yi zaman makoki, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma ta fita, a raba gado, marayu su san su marayu ne. Matar wanda ya ɓata ba ta da ko ɗaya. Ba bazawara ba ce balle ta yi aure, ba kuma mai miji ba ce da za a kawo mata cefane. Maƙwabta ma ba su san gaisuwar da za su yi mata ba. Hukuncin da malamanmu na Malikiyya suka ɗauko daga Sayyadina Umar ya ce matar wanda ya ɓata ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda. Dokar shaida ta ƙasa kuma sai bayan shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba take ɗaukarsa a matsayin mamaci. To a cikin waɗannan shekarun me yara za su ci? Wa zai biya kuɗin makaranta? Alƙalin da za ta kai wa kuka ma yana buƙatar bayani a rubuce daga waɗanda suka tura mijin nata.

Amurka tana da hukuma guda wadda ba ta da wani aiki sai neman sojojinta da suka ɓace, sama da 80,000 tun daga yaƙin duniya na biyu. Har gobe suna haƙa a Vietnam da Laos, suna kai ƙasusuwa ɗakin gwaji a Hawaii. A 2018 sun karɓo akwatuna 55 na gawarwaki daga Koriya ta Arewa, daga yaƙin da aka tsagaita tun 1953. Ba mu da irin kuɗinsu, na sani. Amma namu ba a ƙetaren teku suka ɓace ba, suna nan cikin ƙasarmu, tafiyar yini ɗaya daga Maiduguri.

Kuma masu sanin inda suke suna hannunmu. Tun bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 dubban mayaƙa da iyalansu suka fito daga daji suka miƙa wuya. Wasu sun bi ta sansanin Malam Sidi a Gombe ƙarƙashin shirin sauya tunanin tubabbu. Cikinsu akwai wanda ya ga inda aka tsare soja, akwai wanda ya san ramin da aka binne wani. Ina roƙo, kafin a sallami kowane tubabbe ya koma cikin jama'a, a zaunar da shi a tambaye shi wannan, a rubuta, a sa alama a taswira. Mutum yana mantuwa, damina kuma tana shafe kabari. Idan har an samu labarin wani yana raye a hannunsu, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taɓa shiga tsakani aka karɓo 'yan matan Chibok 21 a 2016, da wasu 82 a 2017. Sojan da ya je ceto su ya cancanci a buɗe masa wannan ƙofar.

Ina kuma roƙon ka kafa ofishi na dindindin a ma'aikatarka, mai riƙe da rajistar kowane soja da ya ɓace: sunansa, lambarsa, ranar da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. A ɗauki samfurin jinin iyaye don gwajin DNA tun suna raye, domin da yawansu sun manyanta. A ci gaba da ba iyali albashi da muhalli har a yanke hukunci, kuma a ba su jami'i guda mai suna da lambar waya da za su kira ya ɗauka.

Ranar 15 ga Janairu, idan an zo ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, a ware minti goma a karanta sunayen waɗanda ba a gani ba, ɗaya bayan ɗaya, a gidan rediyo da talabijin. Akwai tsohuwa a Biu ko Gashuwa da za ta kasa kunne.

Allah Ya ja zamaninka.

Naka,
Jikan gidan wani soja da bai dawo ba,
daga Zariya