Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ƙwadago Kan Hanzarta Izinin Aiki Ga Ƙwararru Daga Ƙetare

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu hidimar takardun ma'aikatan da kamfanoni ke ɗaukowa daga waje ne, kuma muna goyon bayan a hanzarta ba ƙwararru izinin aiki. Idan inji ya yi watanni a cikin akwatinsa don injiniyan da zai haɗa shi yana jiran biza, 'yan ƙasar da za su yi aiki a kansa ma zaman jira suke yi. Roƙonmu ɗaya ne: garin sauri kada a bar bincike.

Inda tsarin ya kama ƙasa, kamfani ake fara tantancewa, a duba rajistarsa, harajinsa da yadda yake biyan albashi. Denmak ta gindaya wa kamfanin da ke son shiga tsarin gaggawa sharaɗin ma'aikata 10 masu aikin cikakken lokaci, bayan ta rage daga 20 a 2023. A Holan, kamfanin da hukumar shige da fice ta IND ta amince da shi yakan samu amsa cikin kimanin mako 2.

Sai dai takarda ba a tebur ɗaya take kwana ba. Tana bi ta hannun masu tantance shaidar karatu, da ofishin ƙwadago, da ofishin jakadanci, kowa kuma yana cewa na gaba yake jira. Jamus ta ɗauki matakin maganin wannan a Maris na 2020, ta yanka wa kowa wa'adi. Kamfani ya biya Yuro 411, masu tantance shaidar karatu su gama cikin wata 2, hukumar samar da aiki kuwa idan ta yi shiru na mako 1 a ɗauka ta amince. Ofishin jakadanci ya ba da ranar ganawa cikin mako 3, ya yanke hukunci cikin wasu 3. Wannan ƙa'ida ta shiru ita muka fi so ka ɗauka, don ita ke hana fayil shan ƙura. A sani dai, wa'adin ba ya fara ƙirguwa sai takardu sun cika, saboda haka a buga jerin abin da ake buƙata dalla-dalla.

Ɓarnar kuwa bayan ma'aikaci ya sauka take faruwa. A rubuta albashi mai tsoka a kwantiragi don a haye ƙa'idar albashin da aka gindaya, kuɗin su shiga asusunsa ranar biya, washegari ya je na'urar cire kuɗi ya miƙa wa mai gida wani kaso hannu da hannu. Ko a shigo da mutum da sunan injiniya, a tarar da shi yana lodin kaya a wani kamfanin da aka ba da hayarsa. Ba zai kai ƙara ba, tunda izinin zamansa a ɗaure yake da sunan wanda ke cutarsa.

Don haka cikin wata 6 na farko a jera takardar albashi, bayanan banki da na haraji wuri ɗaya a gwada. Sufeto ya je ba sanarwa, ya gana da ma'aikacin shi kaɗai, da tafinta wanda ba yaron kamfanin ba. Idan an kama maguɗi, kamfani za a ƙwace wa amincewar, ba baƙon za a sa a jirgi ba. Holan tana ba ƙwararren da ya rasa aiki har wata 3 ya nemi wani, kuma hakan na buɗe bakin wanda ake zalunta.

Kanada, a shirinta na 2017 na hanzarta izinin aiki ga ƙwararru, tana sa kamfani ya rubuta alkawarin samar wa 'yan ƙasa aiki ko horar da su, tana kuma bibiya. A sa irin wannan sharaɗi, kuma ma'aikatarka ta riƙa bayyana wa jama'a duk wata 3 kwana nawa takarda ke yi a kowane ofis, da kamfanoni nawa aka soke wa amincewa.

Allah ya yi maka jagora.

Daga masu hidimar takardun ma'aikatan ƙetare.