Kafin a Sayi Gidan Gwanjo, a Tambayi Abin da Ya Kai Shi Kasuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana da masu karatu, musamman matasa da ma'aikatan da suka tara ɗan abin hannu, waɗanda nake yawan jin suna ɗokin shiga harkar sayen gidajen da matsi ya fito da su kasuwa. Ina nufin gidan da banki ya ƙwace saboda mai shi ya kasa biyan bashin da ya ci da jinginarsa, da wanda hukuma ta sa a gwanjo saboda harajin da ya taru a kansa, da wanda mai shi ke neman rabuwa da shi cikin gaggawa domin wata larura ta taso masa, da kuma kangon da aka yi watsi da shi har ya fara zubewa. Na shafe shekaru a wannan sana'a, na ci riba kuma na yi asara, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata ta ga sababbin shiga tamkar kuɗi ne zube a ƙasa, sai mai rabo ya tsinta.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gida ba ya faɗuwa ƙasa da farashin maƙwabtansa haka kawai, kuma ragin da ake yi wa mai saye lada ne na wata matsala da zai ɗauke wa wani ya ɗora wa kansa. Saboda haka aikin farko na mai son shiga harkar shi ne ya gano inda ciwon yake, ko a aljihun mai gidan ne, ko a jikin ginin, ko a takardunsa, ko kuwa a unguwar da yake. Idan matsalar ta mai gidan ce kaɗai, to an dace, domin da zarar an biya shi ta tafi tare da shi. Sauran kuwa suna nan zaune suna jiran sabon mai gida.

Labarin da ake yawan kafa hujja da shi shi ne na rikicin tattalin arzikin 2008. Gaskiya ne cewa bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumba na waccan shekara, miliyoyin gidaje a Amurka sun faɗa hannun masu bin bashi, farashi ya karye, kuma daga 2012 kamfanin Blackstone ya sayi dubban gidaje ya zuba 'yan haya a cikinsu. A Sifaniya ma abin ya kai ga kafa wani kamfani na musamman mai suna Sareb a 2012, domin ya kwashe gidaje da basukan da suka maƙale wa bankuna. Sai dai masu ba da wannan labari ba sa faɗa wa mai sauraro cewa kamfanin da ya sayi gida dubu goma, idan ɗari biyu suka zame masa ƙaya, sauran za su rufe asarar, ga kuma lauyoyi da injiniyoyi da yake biya albashi. Sabon shiga gida ɗaya ne ƙarfinsa, kuma sau da yawa gumin shekara goma ne ya zuba a ciki. Bai kamata ya auna kansa da ma'aunin waɗancan ba.

Ciwon unguwa shi ne wanda kuɗin mutum ɗaya ba ya warkarwa. Birnin Detroit na Amurka yana da mutane fiye da miliyan 1.8 a 1950, amma ƙidayar 2010 ta samu kimanin dubu 714, kuma a watan Yulin 2013 hukumar birnin ta kai kanta kotu ta ce ta kasa biyan basukanta. A gwanjon gidajen da aka ƙwace saboda haraji a can, an sha fara taya gida daga dala 500. Mutane daga nesa, har da na wasu ƙasashe, suka yi ta cinikin biri a sama ta intanet, da yawansu suka tarar an sace bututun ruwa da wayoyin lantarki, layin kuma duk kangaye ne, babu mai neman haya. A Japan ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna akwai gidaje kusan miliyan 9 da babu kowa a cikinsu. A Italiya garuruwa irin su Sambuca da ke tsibirin Sisili sun sa gidaje a kasuwa kan yuro ɗaya, bisa sharaɗin mai saye ya ajiye kuɗin lamuni kuma ya gyara gidan cikin wa'adin da aka yanka masa. Duk waɗannan gidaje sun yi araha ne saboda mutane sun bar wajen. Kuɗi suna gyara rufi, amma ba sa dawo da masana'antar da ta rufe ko makarantar da ta tashi. Don haka kafin a leƙa cikin gida, a zagaya unguwar da rana, a sake dawowa da dare, a tambayi dillalai nawa aka sayar da gidajen kusa a watannin baya, da tsawon lokacin da suka yi a kasuwa kafin su samu mai saye. Farashin da aka sallama shi ne abin dogaro, domin wanda mai gida ke nema buri ne kawai.

A kan takardu nake so in daɗe, domin a nan na ga jarin mutane ya fi nutsewa. A dokokin ƙasashe da yawa wasu basukan suna bin gidan ne duk hannun da ya koma. Ana iya samun gidan da aka jinginar sau biyu ga masu ba da bashi daban-daban, wanda ya sa shi a gwanjo kuma shi ne na biyu, sai mai saye ya wayi gari na farko yana nan da haƙƙinsa. Ana iya samun harajin shekaru da ba a biya ba, ko ɗan kwangilar da ya yi aiki a gidan ba a sallame shi ba ya shigar da ƙara, ko gardamar iyaka da maƙwabci. Akwai kuma wuraren da doka ta ba tsohon mai gida damar fansar gidansa bayan an yi gwanjo. A jihar Mishigan ta Amurka wannan wa'adi yakan kai wata shida, hukumar harajin tarayyar ƙasar kuma tana da kwana 120 na fansar gidan da take bin haraji a kansa. Wanda bai san da irin wannan doka ba zai iya kashe kuɗi ya gyara gidan da za a karɓe daga hannunsa.

Ni kaina a nan na fara tuntuɓe. Gida na biyu da na saya na magada ne, waɗanda bashin mahaifinsu ya matsa musu suka yanke shawarar sayarwa. Na ga takardun mallaka na asali, na ga sa hannun magada huɗu, na biya. Bayan wata uku, ina tsakiyar gyara, sai ga wata 'yar'uwarsu da ke aure a nesa ta bayyana, ba a shawarce ta ba, ba a kuma ba ta kasonta ba. Tana da gaskiya, kotu kuma ta dakatar da aikin. Wata goma sha huɗu gidan yana rufe, ruwan sama yana shiga ta ɓangaren rufin da muka yaye, kafin a yi sulhu. Kuɗin lauyan da na ga kamar ɓarna ne tun farko bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da na rasa ba. Tun daga ranar ban ƙara ba da ko kafin alƙalami ba sai lauya, wanda ni na ɗauke shi ba mai sayarwa ba, ya je ofishin rajistar filaye da kotu ya bi tarihin gidan hannu bayan hannu, ya kuma rubuta mini sunan duk wanda ke da haƙƙi a kansa. Haka nan a tabbatar ko akwai mai zama a ciki, domin ɗan hayar da ke da yarjejeniya doka tana kare shi, kuma fitar da mutum ta hanyar kotu aiki ne na watanni.

Ciwon gini ya fi sauƙin ganewa, matuƙar an tafi da wanda ya san aikin. Fentin da ya koɗe, da ƙofofin da suka karye, da ciyawar da ta cinye tsakar gida, su ne abokan mai saye, domin suna korar jama'a alhali gyaransu ba shi da tsada. Abin tsoro shi ne tsagewar da ta taso daga harsashi ta haura bango, da danshin da ya ci ƙasan gini, da katakon rufin da gara ta rarake, da wayoyin lantarkin da aka yi wa haɗin gambiza. Mutumin da ya kasa biyan bashin gidansa ya daɗe da daina gyara shi, kuma gidan da ya shekara a rufe yakan lalace fiye da wanda ake zaune a ciki. A tsofaffin gidaje akwai kuma abubuwa masu cutar da lafiya da ake kashe kuɗi sosai wajen cire su, kamar fenti mai dalma, wanda Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, da sinadarin asbestos da ake sawa a kayan gini, wanda Birtaniya ta haramta gaba ɗaya a 1999. A biya injiniyan gini ya duba ya rubuta rahoto, a karɓi ƙiyasin magina biyu ko uku, sannan a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a kai, domin ban taɓa fasa bangon tsohon gida ban tarar da wani aikin da ba ya cikin lissafi ba.

Lissafin kansa daga ƙarshe ake faro shi. Masu wannan sana'a a Amurka suna da wata ƙa'ida da suke kira ta kashi 70, wato kada abin da za a biya ya wuce kashi 70 cikin ɗari na darajar gidan bayan gyara, a kuma cire kuɗin gyaran daga ciki. A ce gida zai kai miliyan 100 bayan an gama shi, a kowane irin kuɗi mutum yake lissafi, gyaran kuma zai ci miliyan 20, to iyakar tayi miliyan 50 ke nan. Sabon shiga yakan ɗauka miliyan 30 ɗin da suka rage duk riba ce, alhali daga cikinsu za a biya la'adar dillali, da kuɗin lauya, da harajin sauya mallaka, da inshora, da mai gadi, da kuɗin ruwa idan da bashi aka saya. Abin da ya saura bayan wannan shi ne ladan wahalarsa. Ƙa'idar ba aya ba ce, kasuwa tana iya sa a ɗaga ta ko a sauke ta, amma tana hana mutum yaudarar kansa, kuma wannan ma ya isa amfani.

Filin gwanjo kuwa ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba. A can ana sayar da gida ne yadda yake, sau da yawa ba a yarda a shiga a duba ba, kuma babu mayarwa. A Ingila da zarar mai gwanjo ya buga guduma ciniki ya ƙullu, a ranar za a ajiye kashi 10 cikin ɗari, sauran kuma yawanci cikin kwana 28, wanda ya kasa cikawa ya rasa abin da ya ajiye. Ga kuma zafin takara, inda mutum ke ganin abokin tayi ya ɗaga hannu sai zuciya ta ɗebe shi ya manta lissafin da ya kwana yana yi. Shawarata ita ce ya halarci gwanjo uku ko huɗu hannunsa a aljihu, yana rubuta farashin da kowane gida ya tsaya yana gwada shi da nasa ƙiyasin. Gidan farko ya fi dacewa ya zama wanda bai samu mai saye a gwanjo ba ya koma hannun banki, domin a nan ana samun damar dubawa da yin ciniki a tsanake, ko kuma wanda za a saya kai tsaye daga mai shi kafin a kai ga ƙwacewa. Ya zama ƙarami, kusa da inda mutum yake zaune yadda zai riƙa leƙa ma'aikata kullum, kuma kada a taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya nemi abokin tarayya, su rubuta kason kowa da aikin kowa a gaban shaidu tun kafin a kashe ko sisi.

Akwai wani ɓangare da masu tallar harkar ba sa taɓawa, ni kuwa ba zan iya tsallake shi ba. Bayan kowane irin wannan gida akwai mutumin da rashin lafiya, ko rasa aiki, ko mutuwar aure, ko karyewar kasuwanci ta kai shi bango. Na ga masu saye da ke ja wa irin wannan mutum rai da gangan har wa'adin banki ya matso, domin ya sallama a kan abin da bai kai rabin daraja ba, na kuma ga masu sa shi ya rattaba hannu a takardar da bai fahimta ba. Wannan zalunci ne, kuma kotu tana iya warware cinikin da aka gina a kan yaudara. Ragin da mai saye ya cancanta shi ne na biyan kuɗi nan take da ɗaukar nauyin gyara, ba na tsoron da ke idon mai sayarwa ba. Abin da na saba yi shi ne in nuna wa mai gidan lissafina a rubuce, in ce ya kai wa wanda ya amince da shi ya duba masa, in kuma ba iyalinsa wa'adin da zai ishe su neman wurin komawa.

Ina roƙon jaridar nan ta riƙa gayyato lauyoyi da masu ƙiyasta darajar gidaje su yi wa masu karatu bayanin dokokin jingina da gwanjo da fansa, domin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha. Na gode da filin da aka ba ni.

Wassalam,
Wani mai karatu da ke sana'ar saye da gyaran gidaje