Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke kan hanyar Njamena

Ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya a gidan Baffanka a Marwa. Mu nan Ngaundere lafiya muke, sai dai Innarka da ba ta samu barcin kirki ba tun ranar da ka ɗaure jakarka a bayan wannan ƙaramin babur ka kama hanyar arewa.

Ƙanwarka ta kunna mana saƙonnin muryar da kake aiko mata, na kuma saurare su duka. Na ji labarin direban tirelar da ya tsaya maka a gangaren dutse kafin Mbe lokacin da birki ya ɗauki zafi, da mai facin Ngong da ya ƙi karɓar kuɗinka, da dattijon Figil da ya shimfiɗa maka tabarma a zaurensa ya sa aka damo maka fura. Na yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ya taimaki ɗanka a daji ya gama maka komai. Saboda haka kada ka sake gaya wa Innarka cewa tsohon nan ba ya yarda da kowa. Kakanka fatoma ne, a cikin fataken goro da na shanu na tashi, kuma a zauren da kake ajiye babur ɗin nan mutanen da ba mu san asalinsu ba sun kwana sun tashi shekara da shekaru. Da "baƙonka Annabinka" aka raine ni, da ita kuma na raine ku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙonka na ƙarshe, wanda ka yi maganar mutumin da ka haɗu da shi wajen mai shayi a Muturwa. Ka ce ya biya maka shayi da burodi, ya cika maka tanki da zuwa-zuwa, wato man fetur na 'yan bumburutu, ya rako ka har Marwa, kana ta kiransa Yaya, sannan a ƙarshen saƙon ka ambata, kamar ba wani abu ba, cewa zai ba ka ɗan kwalin maganin mahaifiyarsa ka miƙa wa wani a Kuseri. Sani, kada ka karɓi kwalin nan. Kada ka karɓe shi a rufe, kada ka karɓe shi ko an buɗe maka samansa, kuma kada kunya ta sa ka ce za ka yi shawara.

Ka dubi bambancinsa da sauran. Mai faci bai tambayi sunanka ba, dattijon Figil kuwa da gari ya waye addu'a ya yi maka ya sallame ka. Wannan shi kaɗai ne ya nemi sanin inda za ka, da ranar tashinka, da ko takardunka sun cika, da wanda ke jiranka a can. Motocin haya suna tashi daga Marwa zuwa Kuseri kullum, suna ɗaukar saƙo a kan kuɗi kaɗan, to me ya sa mai halin cika wa baƙo tanki zai ɗora maganin mahaifiyarsa a bayan babur ɗin yaron da bai san shi ba shekaranjiya? Ni amsa ɗaya nake gani, ita ce tramol, ko abin da ya fi ta muni. Masu wannan fatauci yaro irinka suke nema, mai fuskar ɗalibi da katin shaida mai kyau, wanda zai yi wa jandarma murmushi da zuciya ɗaya saboda shi kansa bai san abin da ya ɗauko ba. Ranar da aka farke kwalin a shinge, lambar Yayan naka ba za ta shiga ba, kuma alƙali ba ya tambayar wanda ya saya maka shayi. Ka san ɗan maƙwabcinmu na bayan masallaci, ka san shekarun da uwarsa ta yi tana kai masa tuwo gidan yari, kuma shi ma saƙo aka ba shi.

Hanyar da ta rage maka ba irin wadda ka baro ba ce. Daga nan zuwa Marwa ka yi kusan kilomita 500 cikin mutanen da kake jin Fulatancinsu. Daga Mora zuwa Waza da Dabanga har Kuseri kwalta ta lalace, shingayen sojojin BIR, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Kamaru, da na jandarma sun yi yawa, kuma tun da rikicin Boko Haram ya tsallako, ana yi wa mai babur kallon tuhuma a yankin. Kusa da Dabanga aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a watan Fabrairun 2013, a Waza kuma aka kwashe ma'aikata 'yan China goma a 2014. Jami'in da ya yi aiki a irin wannan wuri ba zai saurari labarin mahaifiyar wani ba. Ga shi kuma can Larabcin Shuwa ne ya fi yawa a baki, wanda ba ka ji, har a gama maganarka a gabanka kana murmushi.

Tun farko na ce ka shiga mota, ka ce kai so kake ka ga ƙasa ka san mutane. Da na hana ka kuɗin mai ka yi kwanaki ba ka ci abinci da ni ba, kana ganin rowa ce, alhali ina so ne wahalar tara kuɗin ta sa ka sake tunani. Ka tafi duk da haka, ban kuma yi maka baki ba. Amma yaron da kofin shayi ɗaya ke saye masa hankali har ya kira baƙo Yaya, yana da yayye na jini a gida da bai kira ba tun tafiyarsa, bai isa ya ce mini ya san mutane ba. Idan ka ɗauki kwalin nan bayan ka karanta takardata, to ka sani ka saɓa mini da gangan.

Na san zuciyarka ce mai kyau, irin ta Innarka, ba na kuma son tafiyar nan ta mayar da kai mai zargin kowa. Wanda ya ba ka ruwa ka sha ka gode, wanda ya faɗi a hanya ka tsaya masa. Shi kuwa mutumin, ba sai ka ci masa fuska ba: ka ce mahaifinka ya hana ka ɗaukar saƙon kowa, ka ɗora laifin a kaina, kuma idan ya zo gidan, Baffanka ne zai fita ya yi magana da shi. Kuɗin man da ya zuba maka na tura wa Baffanka, a mayar masa. Kada ka faɗa masa ranar tashinka. Ka bar Marwa bayan sallar asuba tare da ayarin motoci, kada magariba ta same ka a daji, Kawunka zai jira ka a Kuseri ku haye gadar Ngeli tare zuwa Njamena.

Ka kira ni da bakinka yau da dare, ba ta wayar ƙanwarka ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.