Zuwa ga Umma, daga Mancesta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Umma, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki? Ya sanyi? Na san yanzu hunturu ya kankama a Kano, hazo ya rufe gari, kowa na neman man kaɗanya saboda kaushi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma samun yin magana. Ina ɗauka yaran nan za su taso su ƙwace, ko murya ta riƙa yankewa, kafin a gama gaisuwa sai a yi sallama. Kullum kika ce ya yara, ya hidima, sai in ce miki alhamdu lillahi. Gaskiya ce na faɗa, amma akwai saura. Auta ta karanta miki a tsanake bayan Isha'i, idan gida ya yi shiru.

Bari in fara da rana, don ita ce abin da har yau ban saba da shi ba. A wannan wata na Disamba gari ba ya wayewa sai takwas ta wuce, huɗu saura kuwa rana ta faɗi. Azahar sha biyu da 'yan mintoci, ina idarwa ban gama ninke wanki ba La'asar ta shiga, ina dawowa ɗauko yaro daga makaranta sai Magariba. Idan mutum bai sa ido ba sai salloli uku su haɗe masa. Kuma tun ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, shi ya sa yanzu kuka riga mu: in ƙarfe bakwai ce a wurinku, mu shida ce. Sai ƙarshen Maris za mu sake daidaita. Saboda rashin ranar nan ne ma aka ce in riƙa ɗiga wa jaririya sinadarin bitamin D kullum, ni ma ina shan nawa.

Safiyarmu kuwa ga yadda take. Babansu yawanci aikin dare yake yi a asibiti, awa goma sha biyu a tsaye, sai wajen tara yake shigowa, lokacin mun riga mun fita. Don haka ni ce mai tashi, ni ce mai dama kunu, ni ce mai wanka da shiri. Shirin ma ba irin namu ba ne da za a zura wa yaro riga da silifas a ce tafi. Angonki sai ya sa singileti, rigar makaranta, suwaita, jaket, safa, hula da safar hannu. Takwararki haka. Ina gama ɗaure wa ɗaya takalmi ɗayar ta cire nata, ko safar hannu ɗaya ta ɓace a bayan hita. Makarantar tafiyar minti goma sha biyu ce a ƙafa, kuma ba a aiken yaro shi kaɗai ko a haɗa shi da yaran maƙwabta. Dole babba ya kai shi har bakin aji, dole babba ya je ɗauko shi ƙarfe uku da kwata. Ruwa kuma ba ya sallama a garin nan, yayyafi ne siriri mai shiga ƙashi, yana iya wuni yana yi.

Mun sayi keken tura jarirai kamar kowa, amma ni zanin goyon nan da kika ba ni ya fi mini. Ina goya jaririyar, in ɗaure da majanyi, in ɗora babbar jaket a kai, hannuwana biyu su zama na sauran biyun. Tana jin ɗumin bayana take barci. Wata tsohuwa Baturiya ta taɓa tsayar da ni a bakin titi, ta zagaya ta bayana tana leƙen ƙullin, tana tambaya ko ba za ta zame ba. Na ce mata haka aka goya ni, haka aka goya wadda ta haife ni. Ta daɗe tana kallon ƙafafun yarinyar da suka leƙo ta gefen ƙuguna.

Umma, jegon nan shi ne ban taɓa ba ki labarinsa yadda ya kamata ba. Ta fannin asibiti ba ni da abin cewa sai godiya. Washegarin sallamarmu ungozoma ta zo har gida, ta sake dawowa ranar kwana biyar ta ɗebi jini a dugadugin yarinya. Bayanta wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta auna ta, ta rubuta komai a wani jan littafi da ake ba kowane jariri. Rigakafi an yi mata a sati 8 da 12 da 16, duk ta gama. Sun ce a kwantar da ita rigingine a gadonta ita kaɗai amma ɗaki ɗaya da ni, kuma kada a ba ta ko ruwa sai ta yi wata shida. Ina bin duk abin da suka ce.

Amma da suka fita suka ja ƙofa, sai gidan ya yi tsit. Na tuna haihuwar fari da na yi a ɗakinki. Tun asuba Gwaggo ta hura wuta, tukunyar ruwa na tafasa da ganyen darbejiya, kunun kanwa na jira a kwano, ga ƙauri ya sha yaji. Kwana arba'in ban ɗauki ko tsintsiya ba. Ba na ma sanin inda jaririn yake sai in zai sha nono a miƙo mini shi. A nan hutun da ake ba uba sati biyu ne. Ranar da ya koma aiki na tsaya a tsakiyar kicin da jaririya a kafaɗa, tuwo a wuta, takwararki na jan zanina, sai kawai na ji hawaye na zuba. Ba ciwo nake ji ba, ban kuma rasa ci ko sha ba. Mutane na rasa.

Wankan jego na yi iya yina, da butar lantarki da bokiti a cikin baho. Gero kuwa na same shi a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan da ke unguwar Longsight, su bajra suke ce masa, tsamiya kuma imli. Kanwa ma akwai a shagon 'yan Najeriya, sai dai babansu ya hana ni sa ta da yawa. Ya ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na san za ki ce ku kun yi kun tashi lafiya. Ni dai na rage, ki faɗa wa matar Yaya ita ma tunda ta kusa.

Sunan da kuka yi mana a can, Allah ya saka da alheri. Ina riƙe da waya ina kallon ragon da mata cike da tsakar gida, ina jin guɗar Inna, mu kuma a nan mu biyar ne a falo. Babansu da kansa ya yi mata aski a hankali da sabuwar reza, hannunsa na rawa. Da yamma na ce bari gidan ya yi ƙamshin suna, na sa turaren wutan da kika haɗa mini, sai ƙararrawar gobara da ke manne a rufin ɗaki ta ɗauki ihu. Tun daga ranar sai na buɗe taga nake turara kaya, ɗan kaɗan.

Ƙarar nan ce ma ta haɗa ni da maƙwabciyata, wata Basomaliya mai 'ya'ya biyar, ta fito ta ga ko lafiya. Washegari sai ga ta da tukunyar shinkafa da nama da ayaba a gefe, haka suke ci. To ita ce ta tsaya mini a daren da ban so na gaya miki ba.

Sati uku da suka wuce, wajen ƙarfe biyun dare, na taɓa takwararki na ji jikinta kamar garwashi. Na auna, ya haura 39, numfashinta na fita da wani irin sauti. Babansu na wurin aiki. Abin da ya fara zuwa raina maleriya, sai na tuna babu ita a ƙasar nan. Na ba ta Calpol, maganin zazzaɓin yara, na kira 111, lambar da ake kira a nemi shawarar lafiya, suka yi ta tambayoyi sannan suka ce in kawo ta a duba. Na tsaya ina kallon yara uku. Da a gida ne, bango kawai zan buga, ko in ɗaga murya in ce Umma, kafin in ɗaura zani mutum biyar sun fito, wani ya tafi neman Adaidaita. A nan na daɗe a bakin ƙofar baiwar Allahn nan ina jin nauyin ƙwanƙwasawa. Da na buga, ba ta tambaye ni komai ba, ta yafa mayafi ta shigo ta zauna wurin angonki da ke barci. Na goya ƙaramar, na rungumi mara lafiyar muka shiga tasi. Ciwon maƙogwaro ne irin na sanyi, aka ba ta magani, kafin Asuba mun dawo. Yanzu ta warke sarai, tana ta tsalle-tsallenta, kada hankalinki ya tashi.

A zaune a asibitin nan na yi ta tunaninki. Mu tara kika haifa. Da ina mamakin yadda kika iya, yanzu na gane cewa da ake cewa ɗa na kowa ne, a gidanmu ba magana ce kawai ba. Inna ta yi mana kitso, Gwaggo ta yaye mu, Baba Ƙarami ya raka mu makarantar allo, ko mai kanti na bakin layi in ya gan mu a inda bai dace ba zai kora mu gida. Na kuma tuna yadda nake ƙorafi lokacin ina amarya cewa gidanmu ba a rufe ƙofa, kowa sai ya sa baki a sha'anin kowa. Ki yafe mini wannan magana, Umma.

Angonki ya shiga ajin farko a Satumba, yana son makarantar. Ana ba su abincin rana kyauta a shekaru ukun farko, mun cike takarda cewa na halal za a ba shi. Takwararki kuma tunda ta cika uku tana zuwa nazare awa 15 a sati, shi ma ba a biya. Wannan awa ukun ta safe ita ce nake girki da wanki da shara a cikinta. Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, alkunya ta gagara. Ke har yau ban taɓa jin kin ambaci sunan Yaya ba, ni kuwa a makaranta da asibiti sai an ce in faɗi sunan ɗan farina da ranar haihuwarsa da bakina, kuma in na je ɗaukarsa da gudu yake zuwa ya rungume ni a gaban mutane. Da farko nakan ji kunya ta rufe ni. Yanzu ina rungumarsa, don in ban yi ba babu kaka ko gwaggo a kusa da za ta yi. Na biyu, malamarsu ta ce yaron yana da hankali amma ba ya kallon idonta in tana masa magana. Na yi mata bayani cewa a wurinmu ladabi ne, ta fahimta. Shi ne dai nake tausaya wa, a gida a ce sunkuyar da kai, a makaranta a ce ɗago.

Babbar damuwata Hausa ce. Wata huɗu kacal da fara makaranta, in na yi masa magana da Hausa sai ya mayar mini da Turanci, ƙanwar kuma duk abin da ya yi shi take yi. Mun kafa doka, daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ce, kuma kowace safiya sai sun durƙusa sun gaishe mu. Ranar Asabar da Lahadi ina kai su Islamiyya, ya kai Tabbat yada. Kwanaki a bas ina yi masa faɗa, sai wata dattijuwa ta juyo ta ce, “Sannu 'yata, daga ina?” 'Yar zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a nan. Har ta wuce tashar da za ta sauka muna hira. Ta ce nata 'ya'yan suna ji amma ba sa iya mayarwa, kuma abin na ci mata rai har gobe.

Don haka ga roƙona. Ki sa Auta ta riƙa ɗaukar muryarki a WhatsApp kina tatsuniya, ko sau ɗaya a sati, irin yadda kike mana a tabarma, tun daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus. Ta Gizo da Ƙoƙi da kika yi musu a waya rannan har yanzu suna maimaita ta, takwararki na kwaikwayon tsamin bakin Gizo. Ni in na yi sai su ce ba haka Hajiya take yi ba.

Saƙon da za a ba mai zuwa a watan gobe: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin ƙuli, zoɓo, sai zanin goyo guda biyu. Don Allah kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu, dokar ƙasar ta hana shigo da nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe. A naɗe daddawar da leda uku.

Zuwanmu gida sai dogon hutu, ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, in Allah ya hore kuɗin jirgin mutum biyar. Ba a cire yaro a tsakiyar zango, tara ce fam 80 a kan uwa, 80 a kan uba. Amma mun yi shawara da babansu, muna so ke ki zo bayan ƙaramar Salla, lokacin sanyi ya ja baya kuma rana ta fara tsawo. Bizar ziyara har wata shida take bayarwa, Yaya zai raka ki Abuja a ɗauki hoton yatsu, jirgi kuma akwai daga Kano ta Alƙahira ko Addis Ababa. Ko wata biyu kika yi ya ishe ni. Ki shawo mana kan Baba tun yanzu. Ina so ki ɗauki yarinyar nan a hannunki kafin ta fara tafiya, ki tofa mata addu'a a ka.

Ki gaishe mini da Baba ƙwarai, ya ci gaba da sa mu a addu'a. Ina gaida Inna da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, Allah ya sauki matarsa lafiya. A gaida mutanen layi gaba ɗaya, har da mai ƙosai ta bakin masallaci. Babansu na gaishe ki, ya ce ki riƙa shan maganin hawan jininki kullum ko da kin ji sauƙi, ya tura kuɗin wata uku ta hannun Yaya.

Wassalam.

'Yarki.